Ranar da Na Binne Matar da Ba Ta Mutu Ba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya zo ya kwashe mini sauran tunanina, da ranar da na tsaya a gaban ajinmu na kashe wata baiwar Allah da bakina, na yi mata jana'iza, har na sa shugaban makarantarmu ya cire hularsa don jimami.

Lokacin muna aji biyar na sakandare a Zuru. Shekarun nan ne da wayar salula ta fara shigowa gari, in kana son kiran ɗan'uwanka sai ka je bakin tasha wurin mai wayar haya a ƙarƙashin lema, ka yi magana da sauri kamar ana bin ka. A ajinmu ba a kira na da sunana, Farfesa ake ce mini. Kada ka ɗauka don na fi kowa ilimi ne. Wani tsohon ƙamus na samu a akwatin babana, bangonsa ya cire, kullum sai na haddace kalmomin Turanci biyu masu tsawo na zo na jefi mutane da su. (Rabinsu ban san ma'anarsu ba. Da yake waɗanda nake jefa ma ba su sani ba, sai zama ya yi daɗi.)

Malamar adabinmu Madam Rifkatu ce. Doguwar mace, ba ta duka, ba ta ɗaga murya. Da wani tsohon babur take zuwa makaranta, wanda sai ta taka shi sau biyar yake tashi. Mun fi tsoron tambayarta a kan bulalar malamin lissafi, domin in ta tambaye ka abu, sai ta naɗe hannu ta tsaya tana jiran ka, kamar ba ta da wani aiki a duniya sai jin amsarka.

A zangon nan ta kawo mana wani tsohon littafin Turawa, irin waɗanda aka rubuta tun kafin a haifi kakanninmu. Ba zan faɗi sunansa ba, har yanzu kunyarsa nake ji. Kwafi bakwai ne kacal, mu kuwa mun haura hamsin, don haka aka tsara kowa ya riƙe kwana uku ya miƙa wa na gaba. Ta ce in kowa ya gama, za ta ba masu so dama su fito su yi sharhi a kan jigogi uku na littafin: mutuwa, kaɗaici, da matsayin mace. Wanda ya fi yin ƙoƙari shi zai wakilci makaranta a gasar adabi a Birnin Kebbi.

Birnin Kebbi! Ni da ban taɓa wuce Ribah ba. Tun a ranar na fara tunanin rigar da zan sa. Akwai kuma wani dalili da ban faɗa wa kowa ba: Saratu. 'Yar garin Manga ce, a layin gaba take zama kusa da taga, ba ta cika magana ba, kuma duk kalmomin da nake jefawa ba ta taɓa juyowa ta dube ni ba. Na ƙudurta a raina cewa wannan karon sai ta juyo.

Da layi ya zo kaina, sai ya yi daidai da zuwan yayana soja hutu. Ya zo da sabon babur ja, ledar kujerarsa ma ba a cire ba. Rana ta farko ya koya mini tuƙi a filin ƙwallo. Rana ta biyu muka tafi Ribah gaida ƙanwar babanmu, ya bar ni na tuƙa rabin hanya, iska na dukan fuskata, duwatsu na wucewa ta gefe, muka tsaya muka sha rake a bakin titi. Wallahi ko yau na tuna tafiyar nan sai na yi murmushi. Littafi kuwa yana ƙarƙashin filo yana hutawa.

Sai rana ta uku bayan azahar na tuna da shi. Na zauna a gindin mangwaron gidanmu na fara karatu kamar mai gudun tsira. Labarin wata mata ce da mijinta yake tuƙa jirgin ruwa na dakon kaya, teku ta cinye shi, ko gawarsa ba a gani ba. Dangin mijin suka karɓe gidan. Ƙawayenta suka daina zuwa. Ta koma wata bukka a ƙarshen gari ita kaɗai, ba mai gaishe ta sai kare. A babi na tara sanyin ƙasarsu ya kwantar da ita, zazzaɓi ya yi tsanani, ta rufe ido, kyandir ɗin da ke gefenta ya mutu.

Ina kai nan aka yi sallama a ƙofar gida, wanda ke bi na a layi ya zo karɓa. Na duba, saura babi goma sha uku. Na ce a raina, ai magana ta ƙare. Mace ta rufe ido, kyandir ya mutu, me kuma ya rage? Sauran shafukan ai zaman makoki ne da rigimar gado. Na miƙa masa littafin har da yi masa gargaɗi, “Ka daure fa, akwai ban tausayi.”

Don in ƙara samun tabbaci, washegari na tambayi abokina Bitrus, wanda muke benci ɗaya tun aji ɗaya.

“Bitrus, matar nan ta mutu ko?”

Ya ce, “Wace mata?”

“Ta cikin littafi mana.”

Ya ɗaga kafaɗa yana cin gyaɗa. “Farfesa, ai duk littattafan Turawa haka suke. Ƙarshensu mutuwa.”

(Daga baya na gano ko bangon littafin bai buɗe ba. Shi ne babban madogarata.)

Mako guda na yi ina shirya sharhi. Shafi huɗu na cika, na kwashe duk manyan kalmomin ƙamus na zuba. Na rinƙa gwadawa a gaban awakin gidanmu, inda zan ɗaga murya, inda zan sassauta, inda zan tsaya in dubi sama. Mahaifiyata ta leƙo sau biyu ta tambaye ni ko lafiya.

Ranar ta zo, wata Alhamis cikin zafin bazara, kwanon ajin har ƙara yake yi. Madam ta gayyato shugaban makaranta, wani dattijo mutumin Argungu mai doguwar hula, aka sa masa kujera a gefen allo. Mu huɗu ne muka ba da suna. Biyu suka fito suka yi nasu, suna in'ina, suka koma. (Da na saurare su, da na tsira. Amma ina can ina bitar inda zan dubi sama.) Sai Madam ta ce, “Farfesa, bismillah.” Saratu ce za ta biyo baya na.

Na fito na gyara kwalar riga. Da Turanci na yi, amma bari in faɗa maka da Hausa don ka ji girman abin.

Na fara da kaɗaici, kuma gaskiya wannan ɓangaren bai yi muni ba, tunda har nan na karanta. Na yi maganar bukkar, da karen, da yadda mutanen gari ke sauya hanya in sun hango ta. Na ga Madam ta gyaɗa kai sau ɗaya. Wannan gyaɗa kan shi ya ƙarasa lalata ni.

Na shiga mutuwa. Na bayyana yadda ta cika ita kaɗai, ba mai ɗiga mata ruwa a baki. Na ce kyandir ɗin nan ranta ne. Na ce kare ya kwana uku yana kuka a bakin ƙofa kafin maƙwabta su ankara. (Ban san inda na samo wannan ba. A nan take ya zo mini, na ji ya yi kyau, na saka.) Na sassauta murya kamar yadda na koya a gaban awaki, na dubi sama. Shugaban makaranta ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya ce, “Allah sarki.”

Na dubi 'yan ajin. Wasu na kallon juna. Wata yarinya a baya ta toshe baki da ɗankwali, kafaɗunta na rawa. Na ce a raina, ka ga har na sa ta kuka. Kuma Saratu ta juyo! Ta zuba mini ido, bakinta a ɗan buɗe. Na ji kamar an riga an saka ni a motar Birnin Kebbi.

Sai na zo kan matsayin mace, inda na ajiye babbar jimlata, wadda na fi alfahari da ita. Na ajiye takarda, na buɗe hannuwa na ce: “Marubucin ya nuna mana gaskiyar rayuwa. Macen da ta rasa mijinta ta riga ta mutu tun ranar, binne ta kawai ake jinkirtawa.”

Na rusuna kaɗan ina jiran tafi. Mutum ɗaya ne ya tafa, shugaban makaranta. Ya ce, “Wanga yaro ya iya magana!” Da ya ga ba wanda ya taya shi, sai ya tsaya.

Madam Rifkatu ta naɗe hannu.

“Farfesa, a wane shafi ta rasu?”

Na ce, “Wajen ɗari da... da wani abu, Madam.”

“Wa ya binne ta?”

A nan ya kamata in gane. Duk mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na ce, “Maƙwabta, Madam. Da limamin cocinsu.”

“An yi mutane a jana'izar?”

“Ba sosai ba, Madam. Ana ruwa.”

Wani ya fashe da dariya a baya, ya mayar da ita tari. Madam ba ta ko murmusa ba. Ta juya ta ce, “Saratu, ke ma kin karanta. Me ya faru a babi na goma?”

Saratu ta miƙe a hankali, kamar ita ce ta yi laifin. Ba ta dube ni ba. Ta ce, “Madam, ta farka. Zazzaɓin ya sauka. Kyandir ɗin ƙarewa ya yi kawai.”

“Sai me?”

“Ta sayar da zobenta ta sayi alluna. Ta fara koya wa 'ya'yan masunta mata karatu a bukkar. Daga baya ta kai ƙarar dangin mijin, aka mayar mata da gidan, ta mai da shi makaranta.”

“Karen fa?”

“Yana nan, Madam. Har ya yi ƙiba.”

Ajin ya tarwatse. Wasu na dukan benci, wasu sun zame ƙasa. Yarinyar da na ɗauka kuka take yi ta cire ɗankwalin daga baki, ashe tun ɗazu dariya ce ke neman kashe ta. Shugaban makaranta ya mayar da hularsa kansa da sauri ya ce, “Ashe ba ta mutu ba? To, mi ya sa ka sa ni hidda hula?” (Shi ma dai bai karanta ba, amma shi ba wanda ya isa ya tambaye shi shafi.) Zufa ta karyo mini har tana ɗiga a kan takardata. Na yi ta addu'a a raina a kaɗa ƙararrawa, ko iska ta ɗauke kwanon ajin, ko ma mene ne.

Da a ce a nan abin ya tsaya, da ban ji komai ba sai kunyar malalaci. Madam ta ɗaga hannu, dariya ta lafa. Ta tako har gabana, ta yi magana da Hausa, abin da ba ta cika yi a aji ba.

“Rashin karatun ba shi ya dame ni ba. Ba kai ne na farko ba. Jimlarka ta ƙarshe nake so ka maimaita mini.”

Na dubi ƙasa.

Ta ce, “Shekara bakwai ke nan da aka kawo mini kakin mijina a jaka, shi ba a kawo shi ba. Ni na taka babur na zo yau. Ni na koya maka kalmar jigo. To, gawa ce ke koyar da kai?”

Wallahi na sani. Kowa a makarantar ya san mijinta soja ne da aka tura aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa bai dawo ba. Na sani kamar yadda na san sunana, amma ko sau ɗaya, a cikin makon da na yi ina goge jimlar nan tana ƙyalli, ban haɗa ta da wani mutum mai rai ba. Kuma a Zuru muke, garin da da wuya ka shiga gida uku ba ka ga hoton soja a bango ba. Na ɗaga ido na dubi ajin. Ba mai dariya yanzu. Na dubi bencinmu, na ga Bitrus ya sunkuyar da kai yana kankare tebur da farce. Babansa ya rasu tun muna aji biyu. Mamarsa ce ke noma gonarsu, ita ke biya masa makaranta, kuma ba zan iya ƙirga sau nawa na ci tuwon dawarta ba.

Na ce, “Ki yi haƙuri, Madam.” Da Hausa na faɗa. Duk Turancin ƙamus ya gudu ya bar ni.

Ta ɗauko kwafinta na kanta, wanda ta cika gefensa da rubutun fensir, ta miƙa mini. “Litinin ka dawo mini da shi. Daga babi na goma za ka fara.”

Kafin a tashi labari ya zagaye makaranta. Ina fitowa na tarar da 'yan ajinmu sun yi layi a bakin ƙofa, kowa ya miƙo mini hannu da fuskar jimami. “Ya haƙuri, Farfesa?” “Sannu da rashi.” “Ashe haka abu ya faru? Allah ya ba da dangana.” Har 'yan aji uku da ba su san kan zance ba suka shiga layi. Daga ranar sunan Farfesa ya faɗi, na koma Mai Jana'iza.

Bitrus kaɗai bai shiga layin ba, kuma bai jira ni mun tafi gida tare ba. Juma'a ma bai ce mini uffan ba. Wannan ya fi duk tsokanar ciwo. Ranar Asabar da safe na daure na tafi gidansu. Na tarar da mamarsa a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ta dawo daga gona ke nan, ƙafarta duk ƙasa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa, sai ta ƙwala kira.

“Bitrus! Fito, ga mai binne mu ya zo!”

Na ce, “Mama, wallahi ban yi nufin...”

Ta kwashe da dariya har tana share hawaye da gefen zani. “Zauna, ɗana. Akwai sauran ɗumame. Ka ci abincin gawa ka ji ko da gishiri.”

Na zauna na ci, ina ci kunya na ci na. Da na gama ta daina dariyar, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ta ce ba tare da ta dube ni ba, “Ba duka ka yi ƙarya ba. Shekarar farko, akwai ranakun da ni ma na ɗauka na mutu. Amma sai gari ya waye, yara na jin yunwa, ciyawa ta fito a gona. Sai ka tashi.” Bitrus ya fito ya zauna kusa da ni, ya ɗebi gyaɗa a kwaryar ya zuba mini a hannu. Ba mu sake tayar da zancen ba.

Sauran wunin Asabar da Lahadi na yi a kan littafin. Wannan karon ban yi tsere ba. Na bi matar babi bayan babi, ina karanta ɗan rubutun fensir na Madam a gefe. A wurin da matar ta fara dariya karo na farko bayan rasuwar mijinta, sannan ta ji kunyar dariyar, Madam ta ja layi biyu a ƙasa, ba ta rubuta komai ba. Na daɗe ina kallon layin nan.

Ka san wani abu? Matar littafin ta mutu fa. A shafi na ƙarshe, tsohuwa tukuf, a cikin gidanta, matan da ta koyar sun cika ɗakin har waje, wasu da jikokinsu. Ni da na binne ta a babi na tara ban ji komai ba sai daɗin muryata, yanzu ga ni a gindin mangwaro ina jan hanci, ina juya baya kada ƙannena su gani.

Litinin na kai wa Madam littafinta a ɗakin malamai. Tana gyaran takardu, ta ɗago.

“Ka gama?”

“Na gama, Madam.”

“Ta mutu?”

Shaiɗan ya raɗa mini in ce, ai dama na faɗa. Allah ya taimake ni na haɗiye. Na ce, “Ta mutu, Madam. Amma ba inda na kashe ta ba. Na yi gaggawa da kusan shekara arba'in.”

Karo na farko na ga ta yi dariya har haƙoranta sun fito. Ta ce, “To, a cikin shekara arba'in ɗin nan littafin yake. Kowa zai mutu, wannan ba sai an rubuta littafi a kai ba. Je ka rubuto mini shafi ɗaya. Ɗaya tak. Kuma in na ga kalmar da ba za ka iya fassara wa mamarka ba, sai na yaga.”

Saratu ce ta tafi Birnin Kebbi, kuma ita ta cancanta. Da ta dawo ta kawo wa 'yan aji alewa, ni ma ta ba ni biyu, ta ce a hankali, “Na sadakar uku ne.” Ita ce doguwar maganar da ta taɓa yi mini a duk zamanmu na makaranta, kuma har yau ina jin daɗinta.

Na rubuta shafi ɗayan. Madam ta ba ni shida cikin goma, ta rubuta a ƙasa da jan biro cewa na fara zama mutum. Takardar tana nan a wurina.

Yanzu na girma, na yi aiki da mutane iri-iri, kuma na gane masu irin halina na da ba su da iyaka: a ofis, a majalisa, a gidan biki, mutum ya ji kashi ɗaya cikin uku na labarin wani, ya tashi ya yanke masa ƙarshe da murya mai daɗi. Ba na yi musu dariya, domin na san ajin da muka fito. Ni dai abin da na riƙe shi ne, in aka tambaye ni ko na karanta abu, sai in faɗi babin da na tsaya. In kuma na ga mutum ya rufe ido, fitilarsa ta mutu, ba na saurin kiran masu haƙa kabari. Sai in ɗan zauna tukuna, ko barci yake yi.